Masu Neman Labari a Shafin Kauɗa

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, yayata ta ɗora mini tallan kayanta. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu a gefen Maska, ita kuma gwana ce wajen kauɗa. Takan yanyanka tumatir ta shanya a kan tabarma mai tsabta, ya bushe jajir, babu ko tsakuwa.

"Kai ne ɗan boko," ta ce da ni. "An ce yanzu a waya ake ciniki. Sai ka san yadda za ka yi."

Na tafi wajen wata Hajiya mai sayar da atamfa ta intanet a Funtua, wadda na taɓa koyarwa a aji shida. Ta buɗe mini shafi, ta ɗauki hoton kauɗar.

"Malam, mai saye bai san da kai ba," in ji ta. "Kalma yake rubutawa a wurin bincike. In tana shafinka sai ya faɗo hannunka. In babu, ko zinari ka kasa wucewa zai yi."

Na zauna da biro da takarda kamar mai shirya darasi. Na sa kauɗa, na sa busasshen tumatir, na sa kayan miya. Mako uku ko sallama babu. Hajiya ta ce in ƙara sunayen garuruwanmu, don mutanenmu da ke kudu suna kewar abincin gida. Na ƙara Funtua da Maska da Malumfashi.

Sai ga jama'a. Har na aika wa yaya albishir kafin in karanta saƙonnin da kyau. Ashe ba tumatir ya kawo su ba. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa ƙauyukanmu, duk wanda ke nesa sai ya rubuta sunan garinsu yana neman labari, wayar kuma ta turo shi wurina. Wannan ya ce hanya lafiya? Wancan ya ce an ci kasuwa kuwa?

Ranar wata Laraba wata mata ta kira ni daga Fatakwal. Mahaifinta na zaune a wani ɗan ƙauye gaba da Maska, kwana tara wayarsa ba ta shiga.

"Baba, na san ba sana'arka ba ce," ta ce. "Amma ban san kowa ba, sai lambarka da na gani."

Washegari na hau acaɓa. Mai babur ɗin ya tsaya a bakin rafi ya ce nan ne iyakarsa, na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da ƙauyen tsit. Dawa ta nuna a gona ba mai yanka. A wani gida turmi na kwance a tsakar gida, kaji na tono kusa da shi. Mutum ɗaya na samu, wani dattijo makiyayi da ya dawo neman ɗan maraƙinsa. Na kwatanta masa wanda nake nema.

"Na san shi, Malam. An watse ne kawai. Wasu sun yi Funtua, wasu wajen Zariya. Shi kam ban ga inda ya nufa ba."

Na dawo inda waya ke kamawa, na zauna a gindin wata ɗorawa na daɗe ina juya wayar a hannu. Da na kira, na faɗa mata abin da idona ya gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce in aiko mata da kauɗa mudu biyu. Na san ba buƙatarta take yi ba.

Hajiya ta ce in cire sunayen garuruwan tunda ba masu saye suke kawowa ba. Na buɗe shafin sau biyu da niyyar gogewa, na kasa. Yaya kuma ta daina tambayata labarin ciniki, sai dai in na je ta zubo mini tuwo ta kama wata hirar.

Na bi masallatai uku a Funtua inda 'yan gudun hijira ke taruwa, ina cigiya. Ba wanda ya gan shi. Matar ta riƙa kirana duk Juma'a har damina ta faɗi, daga nan kiran ya ɗauke. Ni ma ban iya kiran ta ba, don ba ni da abin da zan ce mata.