Jinin da Baffa Ya Ƙi

Shekarar da ƙanwata ta haifi ɗanta na uku ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a nan Gaya. Da hantsi aka fid da ni daga aji, aka ce ta sauka amma jini ya ɓalle mata, likita ya ce in ba a ƙara mata ba kafin la'asar, to sai wani ikon Allah. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana can hanyar Kwatano.

Muka tafi asibiti mu bakwai, Baffa a gaba, ƙanen mahaifinmu, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar tsohon. Mai gwaji ya ɗiba ya duba, ya fito ya ce duk cikinmu ba wanda jininsa ya haɗu da nata. Baffa ya ɗauka magana aka yaɓa mana, wai ba ma jituwa da 'yarmu, har yana tambaya wane munafuki ne ya kai tseguminmu asibiti. Na ja shi gefe na ce nau'in jini ake nufi, nata mai wuyar samu ne, kuma ciki ɗaya kan haifi 'ya'ya kowa da irin nasa. Ya harare ni kamar na zagi uwarmu.

Mahaucin unguwarmu ya biyo mu jaje, ko rigar aiki bai sake ba. Ba wanda ya roƙe shi, ya miƙa hannu aka gwada. Nasa ya yi daidai.

Baffa ya ce, "Mutanen da ba ma ba su aure, su ne za a ɗura mata jininsu? Ba a gidana ba."

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutumin nan fa shi ne kullum a ƙofar masallaci yake cewa duk uba ɗaya ya haife mu. Ni ma allina ya ƙare wajen nuna wa ɗalibai cewa mutanen duniya tushensu ɗaya, Badandi da Bafillace da Bature bambancin halittarsu bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma na nesa ya fi dacewa da kai a kan ɗan ɗakinku. Na faɗa masa duk wannan. Na ce fawa sana'a ce, ba a jini take ba, kuma wanda za a sa mata 'yan watanni zai yi, jikinta ya sake nasa. Ya ce boko ya ci mini kai. Muna wannan ja-in-ja aka kira azahar, leɓɓan yarinya sun yi fari fat.

Na bar shi yana faɗa, na shiga na sa hannu a takarda. Aka ƙara mata jinin mahaucin, washegari ta sha kunu.

Ranar suna mahaucin ya zo fiɗar rago kamar yadda ya saba. Yana durƙushe a tsakar gida yana aiki, ƙanwata ta fito tana dafa bango, ta gaida Baffa, ta ce an ce jinin wani ne ya tashe ta, tana so ta san ko wane ne ta yi masa godiya. Baffa ya nuna ni da carbi, ya ce, "Na yayanki ne."

Ta durƙusa a gabana tana kuka tana sa mini albarka. Mahaucin yana jin komai, bai ɗago ba. Ni kuwa da na cika asibiti da baki, ganin idon Baffa da taron baƙi sai na ce mata ba komai, yi wa kai ne.