Takwaran Wanda Bai Ci Ba

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Batsari, ba abin da ke ɗaukar hankalina kamar hasashen siyasa. Sai aka ce 'yan jam'iyya mai mulki a majalisar jiha za su fitar da sabon shugaban masu rinjaye, tsakanin wani ɗan wajen Safana da wani daga kudu. Na shiga bincike. Wa manya suka fara ba hannu a wajen ta'aziyya? Wa maroƙa suka koma yi wa kirari? Har Safana na je a babur, don kawai in ga motocin ƙofar gidan mutumin.

Ana cikin haka matar abokina ta haifi namiji a Wagini. Ya same ni ya ce, "Malam, wa za ya ci? So nike yaron ga ya samu takwara mai ƙarfi." Mahaifiyarsa sunan marigayi mijinta take so a mayar, amma ya toshe kunne.

Na gyara zama na ce, "Na Safana. Ko shakka babu."

Ranar suna aka raɗa wa yaro sunan na Safana, aka yanka rago. Da hantsi wani ya iso daga Katsina: tun jiya aka gama, na kudu aka ba. Ƙauyen ba sabis, ba wanda ya ji. Tsohuwa ta yi mini kallo ɗaya, na hau neman takalmina.

Bayan 'yan kwanaki, ina gidan, sai ga na Safana da kansa, ba ko ɗan rakiya. Ya karɓi jaririn, idonsa ya ciko. Ya ce, "Tun da na faɗi ƙofata ta bushe. Ku kuwa washegari kuka sa sunana."

Na buɗe baki, tsohuwa ta riga ni: "Alhaji, mu nan ba kujera muke bi ba."

Yau yaron yana sakandare, a gidan takwaransa yake zaune. Ni kuwa tambaya ɗaya ta daɗe tana damuna: ya gano kuwa? Bara na kasa haƙuri, na ce, "Alhaji, ka san lokacin nan Wagini ba sabis?"

Ya yi murmushi. "Na sani tun ranar, Malam. Amma a satin nan, ko bisa kuskure mutum ya tuna da ni, ina so."

Har yau ina hasashe, hali zanen dutse. Amma duk lokacin da aka sanar da wanda ya ci, ƙofar ɗayan nake fara tunawa.