Jiragen da Na Rufe a Rumbun Kawu

Malam Edita, a shekarun da zan ba ka labarinsu, wato 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ni saurayi ne mai rawar kai a Funtuwa, ina aikin zuba wa injuna mai a wani kamfanin gurzar auduga. Ban yi boko mai nisa ba, ban yi aure ba, kuma babu abin da ya ɗauke mini hankali a duniya kamar jirgin sama. In na ji ƙararsa, ko ina tsakiyar cin tuwo ne sai na fito da miya a hannu ina ɗaga kai. Tun ina yaro nake yin motar kara kamar kowa, amma sa'o'ina suka girma suka bari, ni kuwa sai na koma yin jirage da kara da totuwa, ina yanka gwangwanin madara ina yi musu farfela. Mahaifina ya tsani abin nan. Yakan ce gemu ya fara fito mini amma har yanzu hankalina yana wurin wasan yara, kuma akwai ranar da ya tattara duk waɗanda na rataya a ɗaki ya miƙa cikin gida aka hura wuta da su.

Ina da aboki guda, ɗan wani ɗan kasuwa mutumin kudu, Kirista, mai kantin kayan keke da fitilu kusa da tashar jirgin ƙasa. A Funtuwa aka haifi abokin nan nawa, Hausa a bakinsa kuwa har ya fi ni iya zagi da ita. Shi nasa jiragen ba na kara ba ne. Na roba ne, gunduwa-gunduwa suke zuwa cikin kwali daga Ikko, a zauna a haɗa su da gam, a shafa musu fenti. Ya tara su da yawa, ya rataye su da zare a ɗakin bayan kanti. Akwai wani mai ruwan azurfa da farfela huɗu wanda ba ya barin kowa ya taɓa, ni ma sai dai in kalla hannuna a baya. Wansa ne ya haɗa shi kafin ciwon da ya yi ajalinsa, har shatin yatsan marigayin yana nan a fiffike, inda ya dafa tun fenti bai bushe ba.

Wani injiniyan kamfaninmu yana da akwatin talabijin, ya kafa masa eriya a kan wani dogon ƙarfe don ya kamo Kaduna. Duk mako, bayan magariba, ana nuna wani shiri na wasu mutane da ke yawo tsakanin taurari cikin jirgi, mutumin kuwa yakan bar mu mu zauna a baranda mu kalla ta taga. Hoton ba ya zama. Ana tsakiyar faɗa da wasu halittu sai allon ya koma kamar an watsa gero, kafin ya dawo an gama komai. Don haka rabin labarin mu muke ƙirƙira shi a hanyar gida. Ni ba na jin Turancinsu, abokina ne yake fassara mini, kuma na sha kama shi yana ƙara gishiri. Mu yi ta musu har mu wuce ƙofar gidajenmu: me jirgin yake yi da fiffike alhali an ce can sama babu iska, ina suke ɗebo ruwan sha, in Musulmi ya shiga ina zai fuskanta ya yi salla. Musun da ya fi daɗewa tsakaninmu shi ne na wani ma'aikacin jirgin da aka tashi aka bari a wata duniya, hoto ya ɗauke ba mu ga ƙarshe ba. Ni na dage cewa da gangan shugaban jirgin ya bar shi. Shi kuwa ya ce ina, lallai akwai wani dalili da ba mu gani ba, mutum ba ya yi wa abokin tafiyarsa haka.

Da kaka ta yi, za su tafi garinsu bikin Kirsimeti kamar yadda suka saba. Bara waccan ɓarayi sun taɓa fasa musu ɗakin baya suna can, saboda haka ya sauko da jiragen duka, ya naɗe kowanne da tsumma, ya shirya su cikin kwali ya ce in ajiye masa. Ya ce sauran ko sun karye babu komai, amma in kula masa da na wansa, don mahaifiyarsu ma takan shigo ɗakin ta tsaya ta kalle shi. Na karɓa ina cika baki, sai da na ɗora kwalin a bayan keke sannan na tuna da mahaifina da murhu.

To, a nan ne zan faɗi abin da na ɓoye wa kowa a lokacin. Mahaifiyata 'yar Maguzawa ce, ta musulunta kafin ta auri mahaifina, kuma yayanta yana nan da gidansa a wani ƙauye bayan Tsiga, ta hanyar Malumfashi, yana bin addinin iyayensa. Kawuna mutumin kirki ne, babu lokacin da zan je in dawo hannu banza. Amma a gari ni ɗan malam ne, ban taɓa bari wani abokina ya san inda nake zuwa ran Lahadi ba, don ina tsoron bakin samari. Can na nufa da kwalin. Na tarar ana ta shigar da dammunan dawa babban rumbu, na tuɓe riga na taya su, da na hau tsani sai na ga ai babu wurin da ya fi nan. Ba yaro, ba akuya, ba ɓarawo, ba mahaifina. Na cusa kwalin can tsakiyar dammuna, na ce wa Kawu tarkacena ne zan dawo in ɗauka. Ya yi dariya ya ce to. Ni ɗan gari, na ɗauka rumbu ɗaki ne da ake buɗewa duk lokacin da aka so. Ashe al'adar gidan ita ce, wannan babban rumbun in aka liƙe bakinsa da laka aka kifa jinka, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, maigida ya yi abin da iyayensa suka saba yi, sannan a buɗe a ciyar da masu noma. Ana ta ci daga ƙananan rumbuna har lokacin.

Abokina ya dawo, ya kawo mini tsarabar kwakwa, ya tambayi kwalinsa. Da na faɗa masa gaskiya a ranar, na tabbata da dariya zai yi har ya riƙe ciki. Amma faɗin gaskiya yana nufin in ce kawuna Bamaguje ne, sai bakina ya ƙi. Na ce suna ɗakin wani ɗan'uwana ya yi tafiya da makulli. Da mako ya zagayo na ce bai dawo ba. Daga baya na ce ya dawo amma makullin ya ɓata. Ƙarya ta yi ta haihuwa, har na fara mantawa da wadda na yi jiya. Shi kuwa bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai ya ce babu komai, Allah ya kai mu.

Malam Edita, ban ƙara samun sukuni ba. Lokacin auduga ne, injuna ba sa hutawa, amma jikina ne kawai a wurin aiki, har sau biyu na zuba mai inda bai kamata ba aka yi mini tas. Duk Lahadi ina kan keke zuwa ƙauye, in je in yi ta zagaya rumbun nan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na roƙi Kawu, na yi fushi, na sake roƙo. Ya ce shi bai taɓa jin an buɗe rumbu da rani saboda kayan wasa ba, in aka yi haka gidan zai ga yunwa, kuma shi ba zai zama na farko a zuriyarsu da ya yi ba. Sau ɗaya ya dube ni da kyau ya tambaya ko kayan nan nawa ne da gaske. Na ce nawa ne, domin na san halinsa, in ya ji na baƙo ne zai ce in kawo mai su su gaisa. Akwai ranar kasuwa da gidan ya watse, na hau tsani da fartanya a hannu, na ɗaga jinka na dafa busasshiyar lakar. Na kasa. Abincin gida guda ne a ƙarƙashinta, kuma mahaifiyata ce za ta sha kunyar. Na sauko na hau keke na koma ina zagin kaina. Tun daga nan ni da ban taɓa damuwa da damina ba na zama mai duban gabas, ko ɗan gajimare na gani sai in tsaya ina sa rai.

Muna nan dai muna zuwa kallon shirinmu, amma musun ya mutu. Mu taso kowa ya nufi gidansu. Ana cikin haka ƙasa ta fara rikicewa, maganganu marasa daɗi suka cika kasuwa, mutanen da suka shekara suna cin abinci tare suka fara kallon juna a kaikaice. Wasu 'yan kudu aka fara riƙe musu kaya ana cewa su zo gobe. Ni ma ga shi kullum gobe nake ce masa. Ban ga haka ba a lokacin, amma shi ya gani.

Ruwa kuwa ya yi jinkiri a shekarar. Aka wayi gari wata rana hankali ya tashi a Funtuwa, ba zan tsaya bayyana abin da idona ya gani ba. Washegari da hantsi na ji cewa mahaifin abokina ya kwashe iyali sun nufi tasha. Na ruga na same su cikin cunkoso, mahaifiyarsa na zaune kan ƙullin kaya. Abokina ya ce shi ba ya son sauran jiragen, in riƙe halak malak, na wansa kawai zan kawo masa, akwai sauran lokaci kafin jirgin ƙasa ya tashi. A nan ne na fashe na faɗa masa komai, da Kawu, da rumbu, da laka, da ruwan shukan da ake jira. Ina faɗa ina jin yadda maganar take a kunne. Duk cikin ƙaryace-ƙaryacen da na yi masa babu wadda ta kai wannan gaskiyar kama da ƙarya. Ya saurare ni har na gama, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kawai ya yi tunani a kan musun nan namu na mutumin da aka bari a wata duniya, yanzu yana ganin ni ne da gaskiya. Ya juya ya ɗauki ƙullin mahaifiyarsa.

Ba a yi mako ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na je ƙauye cikin taɓo, na tarar Kawu ya gama abin da zai yi a gindin rumbu, an fasa laka. Aka miƙo mini kwalin, ko ƙwarzane babu, jiragen suna nan lafiya lau suna ƙamshin dawa. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Da Kawu ya ji labarin daga farko, ransa ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce me ya sa ban faɗa masa amanar baƙo ce ba. Ya ce a gidansu rumbu ba ya riƙe kayan wani, in mai kaya ya zo da ƙafarsa ya tsaya ya nema, zakara ɗaya za a yanka a ba rumbu haƙuri, a buɗe a ba shi abinsa a sake liƙewa. Ya tambaye ni abin da ya hana ni kawo yaron tun da rani. Na fara kame-kame. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya gane, ya tashi ya shiga cikin gida. A rana ɗaya na san cewa mutum biyu na ɓata wa.

Na nemi abokina iyakar iyawata. Abin kunya, duk shekarun da muka yi muna musu a kan duniyoyin da babu su, ban taɓa tambayarsa sunan garinsu daidai ba. Daga baya yaƙin basasa ya zo, labari ya yanke. Ban sani ba ko yana raye. Yau na tsufa, ina da jikoki, jiragen suna rataye a ɗakina, robar ta yi ja, amma shatin yatsan nan yana nan a fiffiken jirgin wansa. Ba na barin kowa ya taɓa shi, ni ma ba na taɓawa, don har gobe ba nawa ba ne.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman samari, shi ne kada ka ji kunyar danginka a gaban abokinka. Ni na ɓoye kawuna don kada a yi mini dariyar kwana ɗaya, ashe shi ne kaɗai zai iya fitar da ni. In an ba ka ajiya, faɗa wa mai ita inda ka sa tun a ranar, ko da wurin ba ya yi maka daɗin faɗa. Kuma kada ka saba wa bakinka da cewa gobe, domin ranar da za ka zo da gaskiya wataƙila ka riga ka cinye yardar da za a karɓe ta da ita. In Allah ya sa wani tsoho haifaffen Funtuwa ya ji wannan, wanda mahaifinsa ya taɓa sayar da kayan keke kusa da tasha, ina so ya sani shi ne da gaskiya a musun nan. Akwai dalilin da bai gani ba, dalilin banza ne, amma ban sayar masa da jirgin wansa ba. Yana nan yana jiransa.