Fam Arba'in a Kan Motar Uwaisu

Uwaisu na Dandamisa ɗan maƙera ne, amma yayansa ne ya gaji maƙerar. Shi abin da ya faɗo a rabonsa dawakin matsar rake ne guda biyu, ramammu, masu wuni suna zagaya ƙarfe har jiri ya kama mai kallo. Tun yana yaro abin ke ba shi haushi. A ce dabba ta wuni tana zagaye wuri ɗaya, a tashi da ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba, rabin zaƙin kuma yana nan cikin tuƙa? Ya bar gari ya tafi Zariya, ya yi shekara bakwai a gareji yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai aka yi gwanjon tsofaffin motocin da Turawa masu awon ƙasa suka bari. Uwaisu ya sayar da dawakin, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi jif guda, irin wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja, ba ruwanta da taɓo, ba ruwanta da rairayi. Ya kawo ta gida. Mutane ba su gama yi masa barka ba sai suka ga ya ɗauko zarto. Ya yanke bayanta, ya fitar da kujeru, ya ɗaure ƙarafan matsar rake a wurin zaman fasinja, ya ja bel daga inji zuwa gare su, ya rataya ganga a gefe, ya yi mata rumfa da asabari. Kai, muninta ya kai! Ba ka ce mota ba, ba ka ce rumbu ba. Matarsa Ummuhani da ta leƙo ta gani, komawa ɗaki ta yi tana kuka, ta ce lalle an yi wa mijinta asiri.

Dariyar gari ta ƙare ranar da abar nan ta gangara fadama, ta ratsa laka, ta tsaya a tsakiyar rake. Ba sai an yi dakon rake zuwa gindin inji ba, injin ne ya zo inda raken yake. Abin da doki ke matsewa a kwana uku, ita kafin azahar ta gama, masu dafa mazarƙwaila har suna roƙon a sassauta musu. Daga Gazara har Furana aka riƙa aiko masa da goro don a samu layi. Shekara uku ana haka, Uwaisu ya yi ƙiba, Ummuhani ta daina maganar asiri.

A kaka ta huɗu, wata safiya yana tura rake, hannun taguwarsa ya shiga tsakanin ƙarafan. Kafin a kashe inji hannunsa na dama ya bi rigar. A asibitin Zariya aka yanke shi daga wuyan hannu.

Da ya warke bai zauna yana wayyo Allah ba. Ya duba ya ga mai hannu ɗaya ba zai iya ciyar da inji ba, ba zai iya gyara shi ba in ya tsaya. Akwai wani maƙwabcinsa da zai yi ƙaura, yana neman mai sayen fadamarsa a kan fam ɗari da sittin, ya ce zai jira Uwaisu har saukar ruwan fari, bayan nan kuwa ba ruwansa. Fadamar nan ita ce abincinsa da na iyalinsa har ƙarshen rayuwa. Lissafin kuwa ba wuya: ya sayar da motar, ya sayi fadamar. A lokacin jif ta yi tsada, don sababbin manya sun gane hanyoyinmu sai ita. Tsohuwa mai tari ma, a Zariya sai ka ajiye fam ɗari biyu. Lado, dillalin da ya riƙe cinikin, ya ce wannan da ke haihuwar kuɗi kowace kaka ba za ta gaza ɗari biyu da hamsin ba.

Ranar kasuwar Makarfi Uwaisu ya lallaɓa ta da hannu ɗaya ya tsayar a gindin tsamiya. Mutum na farko da ya iso shi ne Alhaji Zainulabidin, wanda ke saye mazarƙwailar yankin kaf yana kaiwa Kano. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da jiki, ya jajanta hannu har da girgiza kai. Ya zagaya motar sau ɗaya.

“Na taya fam arba'in,” in ji shi.

Uwaisu ya ɗauka raha ce. Ya yi murmushi ya ce, “Albarka, Alhaji.”

“To, ba gaggawa. Bakina dai yana kanta.”

Ya shafa gemu ya wuce. Fam arba'in, jama'a! Kuɗin da bai kai na ƙarafan matsar kaɗai ba.

Kowa ya san al'adar kasuwa: ba ka ciniki a kan cinikin ɗan'uwanka. Al'ada ce mai kyau, don hana husuma aka yi ta. Kowa kuma ya san in mai kaya ya ce albarka, mai tayi bai ƙara ba, magana ta mutu, kaya sun koma na kowa. Yaron da ke tallar gyaɗa ma ya san wannan. Amma ranar nan sai garin Makarfi ya wayi gari bai sani ba. Wani mutumin Kudan ya zo da kuɗinsa a lalita, ya duba inji, ya yaba, har ya buɗe baki zai yi magana, aka raɗa masa cewa bakin Alhaji na kai. Ya haɗiye maganarsa, ya ce dama kallo ya tsaya yi. Manoman Gazara shida da suka yi shawarar haɗa kuɗi su saya, suka riƙa bi ta layin masu tukwane don kada su haɗa ido da Uwaisu. Wa zai sayi mazarƙwailarsu baɗi in suka taka sawun Alhaji? Tsoro ne tsagwaronsa, suka sa masa rawani suka kira shi ladabi.

Lado ma jikinsa ya yi sanyi. Ya fara cewa ai arba'in ma kuɗi ne, kuma mai hannu ɗaya bai kamata ya ja da mai hannu da yawa ba. Uwaisu ya dube shi, ya kau da kai.

Ya gwada Zariya. Can dillalan mota suka kewaye ta suna dariya, suka ce wane mahaukaci ne ya lalata jif haka? Ba kujera, ba baya, wane babban mutum zai hau wannan? Su a wurinsu ƙarfen awo ce, irin wanda ake sayarwa a kan sikeli. Nan Uwaisu ya gane irin ramin da ya faɗa. Motarsa ba ta da daraja sai a wurin masu rake, masu rake kuwa duk a tafin hannun mutum ɗaya suke.

Kasuwa bakwai ta ci ta watse, gajimare ya fara taruwa a gabas. Uwaisu ya cire girman kai ya je zauren Alhaji, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida manya.

“Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Ko ka ƙara, ko ka ce ka janye.”

Alhaji ya buɗe hannuwa biyu. “Ni na hana wani saye? Kasuwa ta Allah ce, Uwaisu.”

Ya sa aka kawo masa fura, ya sallame shi da goro biyu. Kalmar nan guda ɗaya ta janyewa dai bai furta ba. Ya san damina na tafe, ya san zancen fadama, jira kawai yake yi yunwa ta yi masa dillanci.

Uwaisu ya dawo gida ransa kamar ya fashe. Washegari ya yaye dangar gidansa, ya shigar da motar tsakar gida, ya mayar da danga. Ya kira Ummuhani ya miƙa mata sifana, ya nuna mata inda za ta riƙe. Ita tana riƙe noti, shi yana murɗawa da hagu. Kwana tara suna kwance motar. Kowane ƙarfe ya san ranar da ya ɗaura shi, ya san yadda ya sha wuya kafin ya zauna. Injin ya tafi Ikara wurin wani mai niƙa, ƙafafun suka tafi wurin masu amalanke, giyar motar ta koma garejin Zariya, ƙarafan matsar kuwa yayansa ya karɓa ya sare su ya yi garemani. Masu tsoron mota ba su ji tsoron guntayenta ba, kowa ya zo ya ɗauki nasa a ɓoye, da araha.

Ranar da aka ɗauke injin, da hantsi, sai ga Alhaji Zainulabidin a ƙofar gida, yana haki, babbar riga a karkace, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce ya ji wata magana marar daɗi, a dakata, ya ƙara, ya saya ɗari biyu da hamsin, yanzu a hannu. Ashe ya san kuɗinta! Tun ranar farko ya sani, har sulen ƙarshe.

Uwaisu ya ce wa Ummuhani ta shiga ɗaki, ya ɗaga zana ya ce Alhaji ya leƙo. Ba abin da ke tsakar gidan sai ƙashin mota a kan duwatsu huɗu, kaji suna kiwo a ƙarƙashi.

“Haba, Uwaisu,” in ji Alhaji. “Ai ciniki ne. Da ka ƙara haƙuri.”

“Ga abin da ya rage, ranka ya daɗe. Taya.”

Abin da guntayen suka kawo rabin fadamar kawai ya saya, rabin da ke sama, mai yashi. Da kaka ta zo masu rake suka koma neman dawaki, raken wasu ya bushe a tsaye kafin layi ya zo kansu. Kuma don rashin ta ido, Uwaisu suka zaga, wai ya yi musu baƙin ciki. Alhaji kuwa ya ci gaba da zama a sahun gaba, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Shekara ashirin da ɗoriya Uwaisu ya yi yana noman rabin fadamar nan da hagu. Bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba. Ko keke aka kawo masa gyara sai ya ce a kai gaba. Sau ɗaya tak ya yi zancen motar, shi ma Ummuhani ce ta tsokano, bayan sun tsufa. Ta tambaye shi ko kwanakin nan tara sun kai ranar asibiti zafi. Ya dubi dungulminsa.

“Sun fi,” in ji shi. “Shi hannun ai sai da suka sa ni barci, kuma ba ni na riƙe wuƙar ba.”