Tukar Magani a Kan Titi

Tsoho Qiu ya tsufa yana auna saiwoyin magani da ɗan sikelin tagulla a shagonsa na birnin Chengdu, sai ga shi matarsa Shulan ta kwanta ciwo. Ya dafa mata magani a tukunyar ƙasa, ya zubar da tukar a kan titi kamar yadda aka saba, don mai wucewa ya taka ya tafi da cutar. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma kowa sai ya gaishe shi, ya kewaye tukar.

Sai ya fita ya tattaka da kansa.

"Kai tsohon nan," in ji Shulan ta taga, "in ka ɗauka, wa zai dafa mini?"

Ta rasu da kaka. Shi ko tari bai yi ba.