Ranar da ƙahonina suka kwashe yini a duwan

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na tsallako kogin Komadugu da buhun ƙahoni ba. Ni wanzami ne. Ƙahonin aikina sun salwanta lokacin da muka gudo Diffa, sai na koma ƙetare na sayo sababbi, fafaffu, an huda musu tsini. In babu su, babu abin da zan ciyar da gidana da shi.

A shingen duwan, wato kwastan, ma'aikata biyu suka zazzage buhun, suka buɗe wani ƙaton littafi na Faransanci. Dogon ya ce kayan dabba ne, sai na kawo takardar likitan dabbobi mai shaida cewa shanun lafiyayyu ne. Shanun da aka cinye tun bara! Gajeren ya ce sam, abin da aka huda ai kayan busa ne, kuɗinsa ya fi yawa. Har ya kafa ɗaya a baki ya hura, idanu waje, ko kukan sauro bai fita ba. Ni kuwa ina da saurin fushi, na yi ta kumfar baki ina cewa kayan magani ne, ba wanda ya kalle ni. Da azahar suka ce za a kulle buhun sai an tambayo manya. 

Ana haka shef ɗinsu, wato babbansu, ya fito daga buro, ofishinsa ke nan, wuya a sanƙare, in zai waiwaya sai ya juyo da jiki duka. Ya saurari kowa, sannan ya dube ni.

"Baba, ka ce magani ne. To, ga wuya."

Na fiddo aska, na yi masa 'yar tsaga, na kafa ƙaho biyu na zuƙa. Da baƙin jini ya fito, mutumin ya juya kai dama da hagu, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce a rubuta kayan aikin mai sana'a, a sallame ni. Kafin in ɗaure buhu, dogon ya tuɓe riga, wai shi ma bayansa.

Tun ranar na daina gardama a kan sana'ata. Wanda bai gane ba, sai in ce ya zauna ya miƙo wuya.