Makin da na hana ɗana na fari

Assalamu alaikum. Ni mace ce daga wani ƙauye tsakanin Kudan da Likoro, karatuna bai wuce firamare ba. A lokacin da abin nan ya faru ni ba mai fita ba ce, ina gida ina tuyar ƙuliƙuli, tsakar gidana kullum cike da mata don ina son hira. Allah kuma ya ba ni kunne, in mutum yana magana ina gane ko daga zuciyarsa ta fito ko haddacewa ya yi.

Makarantar sakandaren garinmu ta shirya gasa. Aka raba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki wata matsalar gari ya zo ya faɗi mafita a gaban jama'a. Wani mai hali ɗan garin ya yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun rukunin da ya zo na ɗaya har su gama babbar makaranta. Aka ce a cikin alƙalai a sa mace ɗaya daga iyaye, mata suka ce ni. Na gaya wa shugaban makarantar cewa yaron gidana yana ciki, ya yi dariya ya ce Inna, a garin nan wa za a ɗauko wanda ba shi da nasa a ciki, ke dai ki faɗi gaskiya kawai. Abin da ban gaya masa ba shi ne yaron ɗana ne na fari. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Kuma na san wannan gasar ce kaɗai hanyarsa, domin baffansa ya daɗe yana cewa karatu ya isa, ya zo ya bi motar tumatir zuwa Kudu.

Na ɗauka a takarda za a rubuta maki a ɓoye. Sai da muka zauna aka ce kowane alƙali zai miƙe ya faɗi ra'ayinsa da makinsa da baki. Rukunin farko suka yi magana a kan magudanar ruwa, hadda ce zalla, ko su ba su gane abin da suke faɗa ba, amma na yaba musu na ba su maki mai tsoka don 'ya'yan mutane ne. Da aka zo kan rukunin yaron nawa, shi ne ya jagoranta. Matsalar ruɓewar tumatir suka ɗauka. Suka zo da wani gadon kara da suka haɗa, mai rufin leda, wanda za a shanya kauɗa a kai ba ƙasa ba ƙuda. Ya yi magana ba takarda, har manoma suna cewa a maimaita. Wallahi ban taɓa sanin haka yake ba, zuciyata kamar ta fashe.

Ina miƙewa sai na ji wata tsohuwa, ƙawar uwar mijina, tana cewa a bayana yau za a ga ko kunya ta ƙare a duniya, mata suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce ba laifi, amma mai maganar ya cika surutu, na ba su maki mafi ƙanƙanta. Tsofaffi suka ce madalla, 'yar gidan mutunci. Da aka haɗa, 'yan magudanar ruwa suka wuce su da ɗan abin da makina zai cike.

Da ya dawo bai taɓa tuwo ba. Ta bayan danga na ji abokansa suna masa tsiya wai ko uwarsa ta ce surutu gare shi, shi kuma ya ce su bari, wadda ta haife shi ta ce bai iya ba, wa kuma zai ce ya iya. Na so in kira shi in ce ya fi kowa, kunyar nan dai ta sake riƙe ni. Na aika ƙanwata ta yi masa bayani, ya ce mata ba komai, ya wuce. Bai ko zauna jarrabawar ƙarshe ba ya bi baffansa. Yanzu yana can yana sauke kwanduna. In ya bugo waya zai gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi gida da awaki, sai ya ce in ba ƙannensa. Yaran da suke rukuninsu su ma ba wanda ya ci gaba, kuma iyayensu ba su taɓa ce mini uffan ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kunya aba ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma ta cikin gida ce, ba ta kujerar alƙalanci ba. Iyaye mata, duk wadda aka kira ta auna aikin yara, in ta san bakinta ba zai iya faɗin gaskiya a kan nata ba, ta ce a sa wata tun kafin a zauna. Ni na tsira da mutuncina a wurin tsofaffi na yini ɗaya, yaran kuma har yau suna biya. Ku sa mu a addu'a.